A-kori-kura mai taya ɗai-ɗai a baya ko mai tagwayen taya: wacce ta fi dacewa da jan tirela?

Mai_Dawakai:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar jan kaya. Ina da rufaffiyar tirela ta ɗaukar dawakai, irin mai dogon wuyan nan da ake ɗaurawa a kan ƙwallon ƙarfe a tsakiyar bodin mota, kuma idan aka cika ta da dabbobi da ruwa da kayan aiki nauyinta yakan kusa tan 7. Ina shirin sayen a-kori-kura mai injin dizal, ko dai Ford F-350 ko kuma Ram 3500, amma kowacce daga cikinsu ana ƙera ta iri biyu: akwai mai taya ɗaya a kowane gefen baya, akwai kuma mai tagwayen taya, wato tayoyi huɗu a baya. An tabbatar mini cewa inji ɗaya ne a cikinsu. To idan ƙarfin inji bai bambanta ba, mene ne ainihin amfanin ƙarin tayoyin nan biyu? Ya kamata in ƙara da cewa motar ba jan tirela kaɗai za ta riƙa yi ba, domin yawancin lokaci a cikin gari za ta riƙa zirga-zirga ba tare da kaya ba.

Bakaniken_Dizal:
Wa alaikumus salam. Malam, ka sayi mai tagwayen taya hankalinka ya kwanta. Ban taɓa jin wanda ya saye ta don jan tan 7 ya dawo yana da-na-sani ba.

Injiniya_Abu_Safiyya:
Shawarar Bakaniken_Dizal tana iya zama daidai, amma gara mu bayyana dalili, domin mai tambaya ya iya yanke hukunci da kansa. Akwai abubuwa biyu da mutane ke haɗawa wuri guda alhali ba ɗaya ba ne: ƙarfin ja da ƙarfin ɗauka. Ƙarfin ja aikin inji ne da giyabos da lagireto, kuma a nan gaskiya aka faɗa maka, domin injin Power Stroke mai lita 6.7 da ke cikin Ford, ko Cummins mai lita 6.7 da ke cikin Ram, ko Duramax mai lita 6.6 na Chevrolet da GMC, ba ya canzawa don an ƙara taya. Ƙarfin ɗauka kuwa aikin aksil ne da sifirin da wili da taya, kuma a nan ne motocin biyu suka rabu.

Tirela ba ta ɗaukar dukan nauyinta a kan nata tayoyin. Wani kaso yana sauka a kan motar da ke jan ta. Ga tirelar da ake ɗaurawa a ƙugiyar baya, kusa da bamba, ana son wannan kaso ya kasance tsakanin kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. Ga mai dogon wuya irin taka, ko mai hawa kan faranti irin na manyan motoci, kason yakan kai kashi 15 zuwa 25 cikin ɗari, kuma kusan dukansa a kan aksil ɗin baya yake sauka, tun da ƙwallon yana daidai samansa ko ɗan gaba kaɗan. Saboda haka idan tirelarka kilo 7,000 ce, to tana iya ɗora wa motarka abin da ya kama daga kilo 1,050 zuwa kilo 1,750 kafin kai kanka ka shiga, kafin fasinja, kafin akwatin kayan aiki. Yawancin masu taya ɗai-ɗai ƙarfin ɗauka ne yake fara ƙare musu, alhali injin bai ma fara jin jiki ba.

Abin da zan ce ka yi shi ne, ka buɗe ƙofar direba ta motar da kake son saye, ka karanta takardun da aka manna a jikin ginshiƙin ƙofar. Za ka ga iyakar nauyin motar gaba ɗaya, wanda ake rubutawa GVWR, da iyakar nauyin kowane aksil, wato GAWR, da kuma adadin kilo na mutane da kaya da wannan motar takamaimai za ta iya ɗauka. Wannan lamba ta ƙarshe ita ce ta gaskiya, ba wadda ake bugawa a talla ba.

Direban_Nesa:
Ni dai da F-350 mai taya ɗai-ɗai nake jan tirela mai dogon wuya da nake ɗora ƙaramar tarakta a kanta, kuma na daɗe ina yi ba tare da matsala ba. Ina ganin ana yawan tsorata mutane. Motocin yanzu ba irin na shekaru ashirin baya ba ne. Mai taya ɗai-ɗai ta yau tana ɗaukar abin da a da sai mai tagwaye. Kuma kada ku manta da abin da mai tambaya ya faɗa a ƙarshe, cewa yawancin lokaci babu kaya zai riƙa yawo. Duk wanda ya tuƙa mai tagwayen taya babu lodi ya san yadda take buga ƙugu, saboda an yi sifirin ɗinta ne don nauyi, kuma ana cika tayoyinta da iska mai yawa.

Sarkin_Taya:
Bari in kawo abin da ke rubuce a jikin taya, domin a ganina a nan ake warware rabin gardamar. Ɗaya daga cikin tayoyin da aka fi sa wa masu taya ɗai-ɗai ita ce LT275/70R18, mai lambar nauyi 125, wato kowace taya tana ɗaukar kilo 1,650 idan iskarta ta cika zuwa 80 a geji. Biyu a baya sun ba ka kilo 3,300, kuma nan ce iyaka, ko da aksil ɗin zai iya fin haka. Masu tagwaye kuma sau da yawa suna zuwa da LT235/80R17, wadda ta fi siranta, mai lamba 120/117. Huɗu a baya, kowacce kilo 1,400, sun ba ka kilo 5,600. Bambancin ba ƙarami ba ne.

Injiniya_Abu_Safiyya:
Sarkin_Taya, akwai gyara kaɗan a lissafinka. Lambobin biyu da ka ambata, 120 da 117, kowacce da wurinta. Ta farko, mai kilo 1,400, tana aiki ne idan tayar ita kaɗai ce a gefe, kamar a gaba. Idan aka haɗa ta da 'yar'uwarta, lamba ta biyu ce ke aiki, wato kilo 1,285, saboda haka huɗun suna ba da kilo 5,140. Dalilin ragin shi ne, tagwaye ba sa raba nauyi daidai wa daida a kowane lokaci. Ana gina titi da ɗan tudu a tsakiya domin ruwa ya gangara, wannan kuwa yana sa ta ciki ta ɗauki fiye da rabonta, sannan iska ba ta ratsa tsakaninsu sosai, don haka sun fi riƙe zafi. Duk da haka maganarka tana nan daram: kilo 5,140 ya yi wa kilo 3,300 nisa ƙwarai.

Sarkin_Taya:
Haka ne, Injiniya, na gode da gyara. Abin da nake son mai tambaya ya lura da shi shi ne, daga cikin kilo 3,300 ɗin nan sai an fara cire nauyin bayan motar kanta. Na taɓa hawa sikeli da mai taya ɗai-ɗai, mai ƙofa huɗu da dogon bodi, babu komai a ciki, aksil ɗin baya ya nuna kusan tan ɗaya da rabi. Ka ga abin da ya rage bai wuce kilo 1,800 ba, kuma wuyan tirelarka kaɗai yana iya cinye kusan dukansa.

Hajiya_Ummu_Khalil:
Na tuƙa iri biyun da tirelar dawakai, kuma abin da zan ƙara ba ya cikin takardar ƙofa. Doki ba buhu ba ne da za a ajiye shi ya zauna inda aka sa shi. Yana gyara tsayuwa, yana jingina idan an sha kwana, kuma nauyinsa yana sama, ba a ƙasa ba. Da mai taya ɗai-ɗai nakan ji duk wani motsinsu a sitiyari, kuma idan babbar mota ta wuce ni da gudu sai in ji bayan motata ya ɗan lanƙwasa gefe sannan ya dawo. Da na koma mai tagwaye wannan ya ragu ƙwarai, domin gefen taya huɗu ne ke tare turin maimakon biyu, ga kuma faɗin tsayuwarta, kamar mutumin da ya ware ƙafafunsa don kada a ture shi. Bayan doguwar tafiya nakan sauka ba tare da kafaɗuna sun ƙage ba, kuma dabbobin ma sun fi isa a natse. Malam Direban_Nesa, tarakta a kan buɗaɗɗiyar tirela an ɗaure ta da sarƙa, nauyinta yana ƙasa, iska kuma tana ratsa ta. Rufaffiyar tirela doguwa bango ne da iska ke turawa. Ba na jin za a auna su da mudu ɗaya.

Direban_Nesa:
Hajiya, na yarda cewa kayan da ke motsi daban ne, kuma ban taɓa ɗaukar dabbobi ba. Amma ina da ja a kan batun lilo. Tirelar da ke lilo hagu da dama yawanci lodinta ne ba a yi daidai ba, an tura nauyi bayan aksil ɗinta har wuyanta ya yi sauƙi. Irin wannan tirela ko da motar da ke gaba tana da taya shida a baya sai ta yi lilo idan gudu ya yi yawa. Bugu da ƙari, mai dogon wuya ba ta cika lilo ba tun asali, saboda maɗaurinta yana saman aksil, ba can bayan bamba ba inda tirela ke samun damar karkaɗa bayan mota. Ina tsoron kada wani ya karanta wannan zance ya ɗauka cewa tagwayen taya za su gyara masa mugun lodi.

Hajiya_Ummu_Khalil:
A kan wannan babu saɓani tsakaninmu. Ba lilon tirela nake nufi ba, lanƙwasar bayan motar nake nufi idan aka tura ta daga gefe.

Ɗan_Gwaji_92:
Ina da tambaya, ku yi mini afuwa idan ta fita daga layi. Me zai hana ya sayi mai taya ɗai-ɗai sannan ya sa mata jakunkunan iskan nan da ake ɗaurawa tsakanin shasi da aksil? Na ga motocin da aka sa wa, bayansu ba ya zama ƙasa ko da an ɗora musu nauyi mai yawa.

Bakaniken_Dizal:
Ƙanena, ina sa wa mutane jakar iska, kuma tana da amfani, amma ba wannan amfanin ba. Aikinta shi ne ta ɗaga bayan mota ya daidaita, fitila ta daina haska sama, gaban mota kuma ya daina yin sauƙi a hannu. Ba ta ƙara ko kilo ɗaya a kan abin da taya da wili da boris ɗin aksil za su iya ɗauka, kuma ba ta canza lambar da ke jikin ƙofa. Haɗarinta ma shi ne tana ɓoye alamar da ya kamata ta gargaɗe ka. Mota ta tsaya sak, ido ya ga komai lafiya, alhali tayoyin baya suna dahuwa a ƙasa. Tayar da aka yi wa lodi fiye da kima tana yawan lanƙwasa a kowane juyi, lanƙwasar tana haifar da zafi, zafin kuma yana raba roba da wayoyin da ke cikinta, har wata rana ta tarwatse a kan gudu.

Dattijon_Hanya:
Tun da an zo kan fashewar taya, bari tsoho ya sa baki. Taya ta taɓa fashe mini a baya ina jan kaya a gangara, a cikin mai tagwaye. Na ji ƙara, motar ta ɗan girgiza, amma ba ta kauce daga layinta ba, saboda 'yar'uwar tayar ta riƙe nauyin har na samu wurin da na tsaya a hankali. Da taya ɗaya ce a wannan gefen, da wili ne zai sauka a kan kwalta, ga tan ɗaya da rabi na wuyan tirela yana danna shi. Wannan kaɗai ya ishe ni hujja. Sai dai ina gargaɗin matasa: tayar da ta rage tana ɗauke da nauyin biyu ne, don haka an ba ka damar tsayawa ne, ba damar ci gaba da tafiya ba.

Sarkin_Taya:
Baba Dattijo ya faɗi gaskiya, amma tagwaye suna da nasu sharrin wanda ba a cika faɗa ba. Tayar ciki tana iya sacewa gaba ɗaya ba ka sani ba, domin ta waje tana riƙe da motar, kuma ido ba ya gane komai. Mutane da yawa ba sa auna iskar ta ciki saboda wahalar kai wa ga bawul ɗinta, sai an sa masa ƙarin tsawo ko an nemi geji mai lanƙwasasshen baki. Sannan dole ne tagwayen su zama girmansu ɗaya. Ƙa'idar da muke bi ita ce kada bambancin faɗin da'irarsu ya wuce kwatan inci. Idan ka haɗa sabuwa da wadda ta cinye, sabuwar za ta ɗauki yawancin nauyin, tsohuwar kuma ta riƙa gogar ƙasa. Ga kuma dutse da ke maƙalewa a tsakaninsu a hanyar tsakuwa, yana cin gefen taya a hankali, ko ya fita da ƙarfi ya sami gilashin motar da ke biye. Duk lokacin canji kuma taya shida za ka saya, ba huɗu ba.

Malam_Lissafi:
Ina so in mayar da mu ga abin da Injiniya ya ce game da lambobin talla. Kamfanonin nan suna auna ƙarfin ja ne da wani ma'auni na bai-ɗaya da ake kira SAE J2807, wanda a ciki akwai hawan tudun Davis Dam a jihar Arizona ta Amurka, tafiyar kimanin kilomita 18, a zafin da bai gaza digiri 38 ba, kuma na'urar sanyaya ɗaki tana kunne. Abin lura shi ne sharuɗɗan ba ɗaya ba ne ga motocin biyu. Mai taya ɗai-ɗai dole ne kada gudunta ya sauka ƙasa da mil 40 a awa a wannan hawan, mai tagwaye kuwa an yarda mata ta sauka zuwa mil 35. Haka nan wajen tashi daga tsaye zuwa mil 60 a awa, an ba ta farko daƙiƙa 30, ta biyu kuma daƙiƙa 35. Ke nan wani ɓangare na ratar da kuke gani a takardar talla ya fito ne daga sassaucin sharaɗi, ba daga ƙarfe kaɗai ba.

Sannan babbar lambar ƙarfin ja da ake bugawa, kamar laba 40,000 da Ford ta sanar wa F-450, yayar F-350, ta shekarar 2023, wato sama da tan 18, ana samun ta ne a kan tsari guda takamaimai na motar. Da zarar ka ƙara ƙofofi huɗu, da giyar da ke juya tayoyin gaba, da kujerun fata da sauran kayan alatu, nauyin motar ya ƙaru, abin da za ta ɗauka kuma ya ragu da daidai wannan adadin.

Injiniya_Abu_Safiyya:
Wannan bayani ne mai amfani. Zan ƙara da cewa masu tagwaye irin F-350 da Ram 3500 da Silverado 3500HD yawanci iyakar nauyinsu gaba ɗaya laba 14,000 ne, wato kilo 6,350, domin a nan rukuni na uku na manyan motoci ya tsaya a tsarin Amurka. 'Yan'uwansu masu taya ɗai-ɗai suna ƙasa da haka da kimanin tan ɗaya. Mai tagwaye ta fi nauyi ita kanta, saboda ƙarin taya da wili da sifirin, don haka ba dukan ratar ce ke zama riba ba, amma mafi yawanta tana zama.

Lauyan_Sufuri:
Akwai ɓangaren doka da ya kamata a duba kafin a biya kuɗi, kuma ya danganta da inda mutum yake. A Amurka, idan iyakar nauyin mota da ta tirela a haɗe ta kai laba 26,001, tirelar kuma ta wuce laba 10,000, to mai yin aikin kasuwanci da su yana bukatar lasin tuƙi na manyan motoci. Ana duba lambar da ke rubuce ne, ba lallai sai abin da ka ɗauko a ranar ba. Saboda haka tirela mai iyakar laba 14,000 tana iya kasancewa ƙasa da layin idan mai taya ɗai-ɗai ce ke jan ta, amma ta haye shi idan mai tagwaye ce. A ƙasashen Tarayyar Turai kuwa lasin ƙananan motoci yana tsayawa ne a kilo 3,500, kuma waɗannan motocin duka biyu sun wuce wannan iyaka. Mai tambaya ya binciki dokar wurinsa, ya kuma tambayi kamfanin inshorarsa matsayinsu idan aka yi haɗari da motar da ta wuce iyakar nauyinta.

Manomi_Mai_Shanu:
Ba wanda ya yi maganar laka tukuna, alhali mai dawakai ba a kan kwalta kaɗai yake sauke dabbobinsa ba. A jiƙaƙƙiyar ciyawa ko taɓo ko ƙanƙara, mai tagwaye babu lodi ba ta da kyau ko kaɗan. Nauyin bayanta ya rabu a kan taya huɗu, kowacce ba ta danna ƙasa sosai, sai su yi ta juyawa a wuri ɗaya. Tayoyin baya kuma ba sa bin sawun na gaba, kowacce sai ta yanka nata, laka kuma ta cika tsakaninsu. Na taɓa jawo mai tagwaye daga wurin da tawa mai taya ɗai-ɗai ta wuce ba tare da wahala ba. Idan za ka saye ta, lallai ka nemi wadda ke juya tayoyin gaba, ko da hakan zai rage maka kaɗan daga ƙarfin ɗauka.

Ummu_Zarah:
Ga kuma faɗi. Mai taya ɗai-ɗai kimanin mita 2 ce, mai tagwaye kuwa ta kusa mita biyu da rabi a wajen madigadin baya, shi ya sa ake jera mata ƙananan fitilu a saman rufi. Wurin fakin na yau da kullum yana yi mata kaɗan, wuraren wanke mota masu inji yawanci ba sa karɓar ta, kuma wanda bai saba ba yakan manta cewa bayansa ya fi gabansa faɗi har sai ya goge madigadi a jikin ginshiƙi. Mafi yawansu kuma da dogon bodi mai ƙafa 8 suke zuwa, don haka ga faɗi ga tsawo. Wanda zai shiga cikin gari da ita kullum ya yi wa kansa adalci ya gwada tuƙa ta a can kafin ya saya.

Dattijon_Hanya:
'Yata, faɗin nan abu ne da ake sabawa da shi. Ƙa'idar da nake koya wa yara ita ce, idan madubanka sun wuce, to bayanka ma zai wuce. Kuma tirelar da yake ja ba ta gaza motar faɗi ba.

Ɗan_Gwaji_92:
To batun birki fa? Na ɗauka taya huɗu a ƙasa suna sa mota ta fi saurin tsayawa.

Bakaniken_Dizal:
Kada ka dogara da wannan. Birkin mota an yi shi ne don ya tsayar da motar da abin da ke kanta, tirela kuma dole ta tsayar da kanta da nata birkin. Ga tan 7, abin da ya fi muhimmanci shi ne birkin tirelar ya kasance lafiya a kan kowane aksil, na'urar da ke sarrafa shi daga cikin mota kuma a saita ta daidai da nauyin ranar. A gangara mai tsawo ka sauke giya, ka kunna birkin salansa na injin dizal, wato na'urar da ke tare hayaƙi don injin ya rage gudun mota, ka bar shi ya riƙe gudun, don kada birkin ƙafa ya yi zafi ya saki. Wannan duk iri ɗaya ne a motocin biyu.

Mai_Dawakai:
Na gode muku ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na bi shawarar Injiniya da Sarkin_Taya, domin gani ya kori ji. Na ari motar wani abokina, muka yi wa tirelar cikakken lodi, muka hau sikeli da ita, sannan muka kwance ta muka sake auna motar ita kaɗai. Tirelar gaba ɗaya kilo 6,800 ce, kuma abin da wuyanta ke ɗora wa mota kilo 1,560 ne. Ni da mutanen da muke tafiya tare da akwatin kayan aiki mun kai kimanin kilo 450. Na kuma duba takardar ƙofa ta motoci biyun da nake tunani: mai taya ɗai-ɗai an rubuta kilo 1,900, mai tagwaye kuma kilo 2,550. Yanzu me kuka gani?

Malam_Lissafi:
Wuyan yana ɗauke da kusan kashi 23 cikin ɗari, wanda yake cikin ƙa'ida. Jimillar abin da za ka ɗora wa mota kilo 2,010 ne. Ka wuce iyakar ta farko da kilo 110, ta biyu kuma ta bar maka sararin kilo 540. Kuma ban ga ka sa nauyin maɗaurin da za a ɗaura a bodi ba, idan motar ba ta zo da shi daga kamfani ba.

Direban_Nesa:
Kilo 110 ba dalilin sayen mota mai faɗin mita biyu da rabi ba ne ga wanda yawancin tuƙinsa a gari ne. Wannan motar guda ce ka duba. Ka nemi wata mai taya ɗai-ɗai da ba a cika ta da kayan alatu ba, za ka ga lambarta ta haura. Ko kuma ka duba mai injin fetur, kamar lita 7.3 na Ford ko lita 6.4 na Ram, domin injin dizal ya fi nauyi da 'yan ɗaruruwan kilo, kuma wannan nauyin daga ƙarfin ɗaukarka ake cire shi. Za ka kuma iya mayar da akwatin kayan aiki cikin tirela, a saman aksil ɗinta.

Hajiya_Ummu_Khalil:
Malam Direba, duk dabarun nan za su kai shi bakin iyaka ne kawai, kuma ni ba na son in ɗauko rayuka a bakin iyaka. Sikeli ya auna dawakan ne a tsaye cik. A kan hanya, duk lokacin da aka taka birki ko aka faɗa rami, nauyin da ke sauka a kan tayoyin baya ya fi wanda aka auna. Idan kuma ya koma fetur zai rasa birkin salansa da Bakanike ya ambata, wanda yake da daraja a gangara da irin wannan kaya.

Injiniya_Abu_Safiyya:
Duka biyunku kuna da hujja, kuma abin da zai raba ku yana hannun mai tambaya. Idan wannan tirelar ce iyakarsa, kuma jan nata na lokaci-lokaci ne a gajeriyar tafiya a shimfiɗaɗɗiyar hanya, to mai taya ɗai-ɗai da aka zaɓa da kyau, wadda takardarta ta ba da sarari na gaske sama da kilo 2,010, za ta yi aikin a cikin ƙa'ida. Idan kuwa akwai tuddai da iska da dogon zango, ko yana tunanin ƙara girman tirela nan gaba, ni zan karkata ga tagwaye. Abin da ba zan amince da shi ba shi ne waccan motar mai kilo 1,900.

Malam Mai_Dawakai, akwai lamba ɗaya da ba ka kawo mana ba: nauyin aksil ɗin baya shi kaɗai lokacin da tirelar ke ɗaure, tare da iyakar aksil ɗin baya da ke rubuce a ƙofar kowace mota. Ka kuma faɗa mana ko tankin ruwan tirelar yana cike lokacin awon, da kuma inda yake. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, kuma idan tankin yana gaba a ƙarƙashin wuya, mafi yawan nauyinsa a kan motarka zai sauka.

Mai_Dawakai:
Tankin yana gaba, kuma rabinsa ne da ruwa a ranar. Takardar sikelin tana wurin abokin nawa. Zan karɓo ta in kawo muku nauyin kowane aksil, sannan in sake awon da tanki a cike.

Manomi_Mai_Shanu:
Idan za ka koma sikelin, ka jera dawakan yadda ka saba jera su a tafiya ta gaske, domin sa mafi girmansu a ɗakin gaba ko na baya yana canza nauyin wuyan sosai. Ka kuma gaya mana irin ƙasar da kake sauke su a kai, ko tsandauri ce ko mai riƙe ruwa, domin har yanzu ba ka amsa batun laka ba.